Tsarkin Tukunya da Darajar Ɗan Adam

Daga cikin mas'alolin da suka cancanci mai hankali ya tsaya ya yi nazari a kansu akwai wannan: shin tsarkin da mutum yake kiyayewa a cikin abincinsa kusantar da shi yake yi ga Mahalicci, ko kuwa yana iya zama shamaki tsakaninsa da ɗan'uwansa? Tambayar ta fito fili ƙwarai a ƙasar Indiya, inda madafa take da alfarma kusan irin ta wurin ibada.

A gidajen Hindu masu riƙo da al'adar kakanni, uwargida ba ta kusantar murhu sai ta yi wanka tun da sassafe, ba a shiga madafa da takalmi, kuma idan girki ya nuna akan fara gabatar da shi ga abin bautar gidan kafin kowa ya ɗanɗana. A arewacin ƙasar kuwa, akwai gidajen da gurasar farko da ta sauka daga kasko ta saniya ce, ta ƙarshe kuma ta kare. Mabiya addinin Jain sun ƙara tsanantawa, domin bayan haramta wa kansu nama, masu tsantseni daga cikinsu ba sa cin albasa ko dankali, ba sa kuma cin kome bayan faɗuwar rana, don gudun kada su halaka wata ƙaramar halitta ba da saninsu ba. Ko da yake aƙidarmu ta sha bamban da tasu, adalci ya wajabta mana mu yarda cewa akwai hikima a nan, domin wanda ya saba tuna waninsa kafin ya kai loma baki, da wuya haɗama ta mallake shi.

Amma fa wannan tsantseni, da ya haɗu da tsarin ɗabaƙoƙi na gado, sai ya haifi zalunci mai girma, har aka wayi gari ana hukunta cewa wasu bayin Allah, waɗanda a yau ake kira Dalit, najasa ne tun daga haihuwa: ba a cin abin da suka taɓa, ba sa ɗiban ruwa a rijiyar da sauran jama'a suke ɗiba. A shekarar 1927 wani jagoransu mai suna Ambedkar ya jagoranci mutanensa zuwa tafkin garin Mahad domin su sha ruwa kawai, kuma tsarin mulkin ƙasar na 1950 ya haramta wannan ƙyama, ko da yake abin da doka ta soke a takarda bai gushe daga dukan zukata ba.

Tun kafin wannan da ƙarnuka, Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469, ya kafa wa mabiyansa Sikh al'adar langar, wato ciyarwa kyauta inda attajiri da matalauci suke zama a ƙasa sahu ɗaya, suna cin abinci iri ɗaya; har gobe dubban mutane suna ci kullum a babban wurin ibadarsu na Amritsar, ba tare da an tambayi kowa asalinsa ba.

Malamanmu na fiƙihu sun bayyana cewa najasa aba ce da take sauka a kan tufa ko jiki ko ƙwarya, ruwa kuma ya gusar da ita. Ba su taɓa jingina ta ga nasabar kowa ba. To, lalle ne duk tsarkin da ya hana mutum zama da maƙwabcinsa a kan tabarma ɗaya ya fita daga babin ibada ya shiga babin girman kai. Tun da kuwa a wurin cin abinci yaro yake fara gane wanda iyayensa suke girmamawa da wanda suke rainawa, nauyin gyara yana kan magidanta da iyaye mata kafin ya hau kan hukuma.