Tana Juyi, Ba Ta Kamawa

Da asubahin wata rana a tsakiyar hunturu, lokacin da hazo ke kwanciya a fadamar Baturiya har ba ka hango wanda ke gabanka, mun riga mun ɗaure tamfol a kan buhu arba'in na shanshera. So muke mu shiga Hadeja kafin rana ta take. Direba ya yi bisimilla, ya murza makullin motarmu ƙirar kanta. Inji ya juya, gir-gir-gir, ya ƙi kamawa. Ya saki, ya sake murzawa. A karo na biyar juyin ya fara nauyi, alamar batir ya soma gajiya, sai ya zare hannu ya jingina da kujera.

Baffana yana zaune kan buzu a gindin tsamiya, carbi a hannu. Ya ce, "Ku ƙyale ta. Allah bai yi za mu yi sammako ba. Wa ya san abin da ke kan hanya?" Kowa ya ce haka ne. Muryata ta fi ta kowa fitowa, kuma ina da dalilina. Yaron mota ya matso kusa da ni ya rage murya: "Maigida, anya ba hannu aka sa mata ba?" Baffa ya galla masa harara, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Sai da hantsi ya dubi ludayi bakanike ya iso daga Hadeja a kan babur, jakar sifanu rataye a wuya. Bai taɓa injin ba tukuna. Bakin salansa ya je ya tsuguna, ya ce wa direba ya ba ta wuta sau ɗaya. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Malam, ko ɗigon hayaƙi babu. Mai ba ya zuwa." Ya ce da farin hayaƙi ya gani, da ya san gas yana isa, zafi ne ya yi ƙaranci, sai a tuhumi hita ko a ce injin ya tsufa. Tunda babu komai, hanyar mai za a bi. Suka ɗaga kan motar. Ya sassauta notin bututun da ke shiga nozul, aka juya inji, bakin ya tsaya a bushe sai 'yar kumfa. Ya koma kan filta ya danna famfon hannu, ya ji shi lagwaf, ba ƙarfi. Daga nan ya tsinci karan dawa ya zura a tanki. Da ya zaro, jiƙon bai wuce faɗin yatsu biyu ba.

A nan direba ya tuna cewa jiya da magariba, yana ja da baya zuwa wurin tarin buhunan, motar ta yi tari ta mutu, shi kuma ya bar ta tunda ta riga ta iso. Wurin gangare ne. Ɗan man da ya rage ya taru a gefe guda, bututu ya zuƙi iska. Abin da direban bai faɗa ba, saboda kara, shi ne da la'asar ya nemi kuɗin mai a wurina, na ce na ciki zai kai mu Hadeja. Tun daga 2022 da gas ya yi tashin gwauron zabi, hannuna ke nauyi a gidan mai.

To, shin maganar Baffa gaskiya ce ko kuwa? Tambayar da ta hana ni sakat ke nan, domin a karatun zaure ba mu taɓa koyon abin da ya saɓa mata ba. Wanda ya karanta Ummul Barahina ta Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya san an kasa hukunci uku: na shari'a, na hankali da na al'ada. Ƙuna da ke biyo bayan wuta, da ƙoshi da ke biyo bayan tuwo, duk a na al'ada suke. Allah ne Yake haɗa su a jere, kuma in Ya so Ya raba. Imamu Gazali, da ya rasu a 1111, da wuta da auduga ya buga misali a littafinsa na rushe hujjojin masu falsafa. Abin da idonka ya gani, a cewarsa, auduga ta ƙone a lokacin da wuta ta taɓa ta. Ba ka ga wutar tana da ikon kanta ba. Ibnu Rushdi na Andalus, da ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani cewa in aka soke sababi an soke ilimi, don sanin abu sanin dalilinsa ne.

Injin gas ya fi auduga daɗin misali, don shi ba a kawo masa wuta daga waje. Ba shi da fulogi irin na motar fetur. Fistin ne ke matse iska har ta koma kamar kashi ɗaya cikin goma sha shida zuwa ashirin na girmanta, zafinta ya haura digiri 500, sai nozul ya fesa gas ya kama da kansa. Dabarar da Bajamushen nan Rudolf Diesel ya tabbatar ke nan a 1897. Wa ya sa iska yin zafi in an matse ta? Ba Diesel ba ne, samunta ya yi haka. Nan kam ina tare da Gazali ɗari bisa ɗari. Amma Gazali bai taɓa cewa al'adar wasa ce ba. Yadda iska ta yi zafi a Jamus haka take yi a bakin kogin Hadeja, jiya da yau, kuma wannan rashin saɓawar shi ne ya sa bakanike ya iya tsugunawa bakin salansa ya karanta abin da ke cikin ƙarfe. Shi ma da bisimilla ya ɗauki sifana. Ban ga inda imaninsa ya gaza na Baffa ba.

Hadisin ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali kowa ya haddace shi, ba sai na jawo shi ba. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da ake furta kalmar "Allah bai yi ba", da kuma bakin da ke furta ta. Malamai sun ce ana fakewa da ƙaddara a kan musibar da ta riga ta auku, ba a kan laifin da mutum ya yi ba. Baffa bai san zancen kuɗin mai ba. A bakinsa, "Allah bai yi ba" haƙuri ce, kuma ta yi aiki: ta kashe zancen sammu tun kafin ya kai kunnen maƙwabta, ta hana a huce kan direba. A bakina kuwa, kalmar nan dai, ba a sauya mata ko wasali ba, mayafi ce na lulluɓe rowata. Na san abin da ke cikin tankin nan tun kafin a zura kara.

Mu mutanen fadama mun saba da wannan lulluɓin. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sauya, kachala ta toshe hanyoyinsa, wata gona ta bushe, wata ta nutse. Ruwan sama na Allah ne, babu ja. Sai dai in manomin da ambaliyar 2022 ta cinye wa gona ya ce daga Allah ne, ina yi masa jaje. In wanda aka ɗora wa alhakin yashe kogi ne ya faɗa, sai in tuna kaina a gaban kantar nan.

Aka aiki yaro ya sayo jarka guda. Bakanike ya kwance ƙaramin notin kan filta, yana danna famfo, kumfa na fita fus-fus, har mai ya zo tsantsa ya ɗaure. Ya bar notin nozul biyu a sake, muka aro batir a wurin mai tarakta, aka juya har suka fara tsartuwa, ya ɗaure su. Murzawa ta biyu ta yi tari, ta girgiza, ta turnuƙe mu da hayaƙi, ta kama. Baffa ya ce alhamdulillahi, bakanike ma haka.

A hanya na kasa riƙewa. Na ce, "Baffa, ni ne fa na hana kuɗin mai jiya." Ya ja carbi biyu uku kafin ya amsa. "Na ga fuskarka tun da aka zaro karan nan. Allah bai yi za mu yi sammako ba, har yanzu ina kan bakana. Amma kuɗin bakanike da na jarka daga aljihunka za su fita, kada ka sa su a lissafin shinkafa."

Mun shiga Hadeja bayan azahar, manyan masu saye sun riga sun loda sun tafi. Kuɗin na biya, kuma da yamma na samu direban shi kaɗai na ba shi haƙuri.