Wuri da Katantanwar Dutse: Me Ƙwanson Teku Ke Shaidawa?

Gidajen adana tarihin halittu na manyan birane irin su Landan da Faris da Washinton suna ajiye da miliyoyin ƙwanson dodon koɗi na teku. Iri biyu ne. Akwai wanda aka tsinto a bakin teku, wanda danginsa ke raye har yau suna hayayyafa. Akwai kuma wanda aka haƙo daga cikin dutse, ya sandare tun kafin ɗan Adam ya taka doron ƙasa. Ana jera su a aljihunan tebur marasa zurfi, kowanne da ɗan akwatinsa da 'yar takarda mai ɗauke da sunansa, da inda aka same shi, da shekara, da wanda ya samo. Mutumin da ya tashi a Ƙofar Doka ta birnin Zazzau, nesa da teku da ɗaruruwan kilomita, ba laifi in ya tambaya: ina fa'idar tara ɓawon mataccen abu har a ɗauki ma'aikata su tsare shi? Tambayar ta taɓa addini, domin ɓarnar dukiya da lokaci a kan abin banza abin zargi ne a Musulunci.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan ƙwanso ba ce. Wurin da kakanni suka yi kuɗi da shi ƙwanson wani ɗan ƙaramin dodon koɗi ne da ke rayuwa a ruwa mara zurfi, a tsibiran Maldib cikin Tekun Indiya. Bayansa tudu ne sumul mai sheƙi, cikinsa kuwa da tsaga mai ƙananan haƙora, sau da yawa akan huda bayan don a zura zare. Ibn Battuta ya ga ana ciniki da shi a Maldib, ya sake tarar da shi a Mali da Gawo a ƙarni na 14. Zuwa ƙarni na 19 da shi ake sayen hatsi, a biya haraji, a ba da sadaki. Sa'ad da matafiyi Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, wuri 2,500 ne canjin dalar azurfa ɗaya, keso guda kuwa wuri 20,000 yake ci. Fataken da ke shiga birnin Zazzau ta Ƙofar Doka da sauran ƙofofin ganuwa, da shi suke ciniki: a zube shi a tabarma, a yi ta ja da yatsu biyar-biyar har lissafi ya cika.

Daga tsakiyar ƙarnin ne 'yan kasuwar Hambag ta Jamus suka fara jigilar wani irin wuri daga Zanzibar, mai zobe rawaya a bayansa, suna jibge shi a gaɓar Afirka ta Yamma. Ya yi yawa, darajarsa ta zube, har ladan dakonsa kan cinye wani kaso mai tsoka idan tafiya ta yi nisa. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulki suka hana shigo da shi, suka kawo anini da kwabo da sule. Ƙwanson nan ko kaɗan bai sauya ba. Yardar mutane ce ta janye daga kansa. Fiƙihun Malikiyya ya riga ya gane haka: a cikin Mudawwana an ruwaito Imamu Malik yana ganin ko da fatu mutane suka mayar kuɗi, hukuncin canji zai hau kansu kamar na zinariya da azurfa. Wasu kuma sun jingina wa wuri sanin gaibu, suna watsa shi don duba, abin da malamai suka daɗe suna hanawa. Darajar kasuwa da ta boka duk aro ne daga mutane. Saura a ga ko ƙwanson yana da abin da yake shaidawa da kansa.

A nan ne na dutse ke shigowa. Duwatsun Zariya, irin su Kufena, daga narkakken dutse suka samu wanda ya huce a can ƙarƙashin ƙasa, don haka ko an fasa su ba za a ga katantanwa ba. Sakkwato dabam take. A Kalambaina, inda ake haƙar farin dutsen da ake yin siminti, da kewayen Dange da Wurno, ana samun ƙwanson dodon koɗi da sauran halittun teku a sandare cikin dutse. Sau da yawa ainihin ɓawon ya narke, sai laka da ta cika cikinsa ta zama dutse, ta riƙe murɗensa daidai, zagaye bisa zagaye. Masana ilimin duwatsu suna ƙiyasta shekarun dutsen Kalambaina da kusan miliyan 60, lokacin da wani teku mara zurfi ya ratsa inda Sahara take a yau. A yankin Goronyo an samu ƙasusuwan wani ƙaton dabban teku mai kama da kada, aka raɗa masa Goronyosaurus a 1972.

Malaman Musulunci sun riga Turawan zamani karanta irin wannan shaida. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bayyana a cikin Kitabus Shifa cewa halittun ruwa da ake gani idan an fasa duwatsu alama ce ta cewa teku ya taɓa rufe wurin. Al-Biruni ya yi irin wannan hukunci a kan hamadar Larabawa da kuma kwarin Indiya. Ba su ga saɓani tsakanin wannan da imaninsu ba. Abin da gidajen tarihi suka ƙara shi ne jera na dutse kusa da mai rai. Da haka ne Charles Lyell na Birtaniya, da taimakon masanin ƙwanso Deshayes na Faransa, ya rarraba zamanai a 1833: a tsofaffin shimfiɗun dutse, abin da bai kai huɗu cikin ɗari na ire-iren ƙwanson ba ne ke da dangi a raye, a sababbi kuwa adadin ya ƙaru sosai. Ba don an tara duka biyun wuri ɗaya ba, da wannan awon bai yiwu ba.

Mai imani yakan tsaya a kan abu biyu. Na farko, ko ba ruwan Ɗufana na zamanin Annabi Nuhu ne ya watsa su ba? Dutsen da kansa ya ƙi wannan fassara. Ƙwanson yana kwance ne shimfiɗa bisa shimfiɗa, ƙanana da manya, kowace shimfiɗa da irin halittunta, alamar al'ummomi da suka rayu suka mutu a wurin na tsawon zamani, ba tarkacen ambaliya guda ba. Wannan bai taɓa gaskiyar ƙissar Ɗufana ba. Ya dai nuna ba ita ce sanadin waɗannan ba. Na biyu, yaya miliyoyin shekaru za su zauna da halitta cikin kwana shida? Alƙur'ani bai yanka wa ƙasa shekarar haihuwa ba, kuma ya ambaci yini mai tsawon shekara 1,000 a Suratus Sajda, da mai tsawon shekara 50,000 a Suratul Ma'arij. Masu tafsiri sun saɓa a kan tsawon waɗancan kwanaki. Aya ta 20 ta Suratul Ankabut kuwa umarni ce da a yi tafiya a ƙasa a duba yadda aka fari halitta, kuma babu mai bin wannan umarni kusa-kusa kamar wanda ya durƙusa a ramin Kalambaina yana duba dutse.

Shaidar tana da iyaka. Ƙwanso yana faɗin cewa an yi teku a nan, da irin abin da ya rayu a ciki, da abin da ya riga wani. Ba ya faɗin dalilin samuwar duka wannan. Masanin da ya ɗora musun Mahalicci a kansa ya wuce abin da hujjarsa ta ba shi, malamin da ya ƙaryata tekun don gudun fitina kuwa ya kau da kai daga ayar da aka ce ya duba.

Sai dai shaidar ba ta tsayuwa sai da 'yar takardar nan. Ƙwanson da ba a san inda aka ciro shi ba kamar hadisi ne mara isnadi: ana iya sha'awarsa, ba a kafa hujja da shi. Aikin mai tsaron gidan tarihi ke nan, riƙon amanar ruwaya daga mai haƙa zuwa ɗalibin da ba a haifa ba tukuna. A wannan fanni Arewa na da giɓi. Dutsen Kalambaina kullum ana niƙe shi ya zama siminti tare da abin da ke cikinsa, muhimman ƙasusuwan Goronyo kuma Fulorans ta Italiya aka kai su. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wadda aka kafa a 1962, tana koyar da ilimin duwatsu, kuma sassa irin wannan ne suka fi cancanta su haɗa kai da masu haƙar dutse, a ware abin da ya kamata a ware, a rubuta wurinsa da zurfinsa kafin a loda sauran a mota.