Mai Bi da Kuɗin da Ya Kashe Domin Kamfani



Wata ran Lahadi bayan an tashi daga sujada, wani magidanci na wajen Ruwan Godiya, cikin ƙasar Faskari, ya dakata har jama'a suka watse. Bai daɗe da karɓar baftisma ba. Ya ce, "Malam, ina da magana, amma ta kuɗi ce." Na ce, "Baba, zauna. Ubangiji ba ya ƙyamar maganar kuɗi."

Ga abin da ya faɗa mini. Su uku suka haɗa jari: shi, da ɗan baffansa wanda ba mai bi ba ne, da wata gwauruwa ta cikin ikilisiya wadda ta zuba abin da mijinta ya bari. Su kan sayi masara da dawa da kaka, su ajiye, su kai kasuwar Dandume ko Funtua sa'anda farashi ya tashi. Suka yi wa sana'ar rajista, ta zama ƙaramin kamfani. Tun kafin takardar rajista ta fito, har shekara biyu bayanta, shi ya ke ciro kuɗi daga aljihunsa: kuɗin mota, da na 'yan dako, da buhuna, da maganin ƙwari, da hayar sito. Waɗansu rasit suna nan, waɗansu kuwa sun salwanta a daren da suka gudu saboda 'yan bindiga. Yanzu an sami riba, abokansa sun ce ya faɗi abin da ya kashe a biya shi.

Ya ce, "Malam, ba wanda ya san adadin sai ni. Wata zuciya ta ce in yafe duka, kada a ce Krista mai son kuɗi ne. Wata ta ce in ƙara kaɗan saboda wahalar da na sha. Wace zan bi?"

Na ce, "Baba, kada ka bi ko ɗaya." Abin da na bayyana masa ran nan shi ne na rubuta maka a nan.

1. Kai dabam, kamfani dabam

Mai tebur a kasuwa, shi da sana'arsa abu ɗaya ne. Amma ran da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wadda aka kafa a 1990, ta ba ku takardar shaida, aka rubuta Ltd a ƙarshen sunan sana'arku, shari'a ta ɗauki kamfanin kamar wani mutum dabam. Yana da dukiyarsa, yana cin bashi, ana kuwa binsa. Wannan ƙa'ida tsohuwa ce: a 1896 babbar kotun Ingila ta tabbatar da ita cikin shari'ar wani mai yin takalma a Landan, sunansa Salomon. Dokar kamfanoni ta Nijeriya ta 2020 ta yarda mutum guda ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, duk da haka kuɗin kamfanin ba kuɗin aljihunsa ba ne.

Domin wannan, abin da ka kashe daga aljihunka saboda aikin kamfani bashi ne a kansa. Hakanan kuma, abin da ka ɗauka daga asusunsa ba bisa hakki ba, kayan wani ka ɗauka. Kada ka ce, "Ai nawa ne." Akwai rabon abokan jarinka a ciki, akwai na masu bin kamfani bashi, akwai na hukuma.

2. Neman hakki ba zunubi ba ne

Ka tuna da Basamariyen nan na cikin Bisharar Luka, sura 10. Sa'anda ya bar mai rauni a hannun mai masauki, ya ba shi kuɗi, ya kuma yi alkawari zai biya duk abin da ya kashe fiye da haka idan ya komo. Ubangijinmu bai ga aibi cikin wannan ba. Wanda ya kashe nasa domin aikin wani, daidai ne a mayar masa.

Idan kana so ka yafe, ka yafe da sanin abokanka, a rubuta. Amma kada ka yafe da baki, zuciyarka tana ƙidaya. Yafewa irin wannan ta kan zama gunaguni, gunaguni kuwa ya kan kai hannu cikin asusu da dare, mutum yana ce wa kansa, "Ai ina bin su." 'Ya'yanka kuma suna da hakki a kan guminka.

3. Inda jaraba ta ke ɓuya

Shaiɗan ba ya ce wa mai bi ya yi sata. Ya kan ce, "Cika lissafin." Hanyoyinsa uku ne.

Ta fari, ƙirƙiro abin da ba a kashe ba. Haka Gehazi, baran annabi Elisha, ya yi. Ya bi Na'aman a guje, ya ce waɗansu samari biyu sun sauka, ana bukatar azurfa da riguna dominsu. Babu samari, babu bukata. Ya karɓi kayan, ya ɓoye, kuturtar Na'aman kuwa ta koma kansa. Wanda ya je wurin mai shago ya roƙi rasit marar rubutu domin ya cika da hannunsa, hanyar Gehazi ya bi, ya kuma jawo mai shago cikin laifinsa.

Ta biyu, sāke adadi. Hananiya da Safiratu, cikin Ayyukan Manzanni sura 5, gonarsu suka sayar, ba ta kowa ba. Bitrus ya nuna musu kuɗin yana ƙarƙashin ikonsu, da sun so da sun riƙe. Zunubinsu shi ne sun kawo sashi kamar shi ne duka. Ka lura, ɗan'uwa: ƙarya a kan adadi ce ta kashe su.

Ta uku, gauraya na gida da na kamfani. Ka tafi Funtua sayar da masara, ka kuma sayo kayan ɗakin 'yarka, ka ɗora a mota guda. Man babur da ka kai yara makaranta, katin waya da ka gaishe da surukai, ba na kamfani ba ne. Dokar haraji da kanta ba ta yarda kamfani ya cire kome daga ribarsa ba sai abin da aka kashe ɗungum domin aikinsa kaɗai. In dokar mutane ta tsaya a nan, ina ga ta Allah?

4. Yadda za ka yi

Ka ɗauki littafi, ka rubuta kowane abu a layinsa: rana, da abin da aka saya, da wurin wanda aka saya, da adadi, da dalili. Ka haɗa rasit. Inda babu, ka nemi takardar bayanin asusunka daga banki, ko saƙon da ya shigo wayarka, ko shaidar direba da dillali.

Abin da ka kashe tun kamfani bai samu ba, ka ware shi dabam. Gama wanda ba a haifa ba bai ci bashi ba; sai kamfani ya amince da shi bayan kafuwarsa, doka kuwa ta ba shi ikon yin haka. Ku zauna, ku duba, ku rubuta yardarku, kowa ya sa hannu. Kada kai mai nema ka zama kai ne mai yarda. Manzo Bulus da kansa, sa'anda aka tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai so ya riƙe ta shi kaɗai ba. Ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai tafi tare, domin kada a sami abin zargi.

A biya ka daga asusun kamfani zuwa naka, a rubuta, a ajiye takardun, gama doka ta ce kamfani ya adana lissafinsa shekara 6. Dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke harajin riba daga kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba, sabuwar dokar haraji ta 2025 kuma ta ɗaga wannan iyaka. Amma an yafe muku biya ne, ba a yafe muku ba da lissafi na gaskiya ba. Ku nemi akawu mai aminci ya nuna muku shekarar da kowane abu zai shiga.

5. Idan takarda ta ɓace

A nan ne a ke gane mai bi. Sa'anda babu rasit, babu shaida, saura kai da Allah. Abin da ka tabbata, ka faɗa. Abin da ka ke shakka, ka faɗi ƙaramin adadi, ka ce wa abokanka, "Wannan tunawa ce, ba takarda." Abin da ka manta sarai, ka bar shi. Gara ka yi hasarar naira dubu da ka ci kwabon gwauruwa. Wahalarka kuwa, idan kana ganin ta isa lada, ka nemi lada da sunansa a fili, kada ka ɓoye shi cikin kuɗin buhu.

Magidancin nan ya tafi ya yi haka. Hayar motar da ya ke tsammani naira 60,000 ce, takardar banki ta nuna 45,000, ya gyara. Tafiyar da ya haɗa da hidimar gidansa, ya raba kuɗinta biyu. Ran da suka zauna, ya karanta musu layi layi, har da waɗanda ya soke. Ɗan baffansa ya yi shiru, kāna ya ce, "Yaya, ka manta da ran da mota ta lalace mana a hanyar Sheme, kai ka biya makaniki. Rubuta." Abin da aka biya shi bai kai abin da ya kashe ba, shi ma ya sani. Amma ya ce mini tun daga ran nan ɗan baffansa ba ya ƙidaya buhu a bayansa.

Kai fa, mai karatu? Watakila ka riga ka karɓi abin da ba naka ba. Kada ka fid da zuciya. Zakka mai karɓar haraji ya tara dukiya ta zamba, amma ran da Yesu ya sauka gidansa, ya miƙe a gaban mutane ya ɗauki alkawarin mayarwa riɓi huɗu, Ubangiji kuwa ya karɓe shi. Ba gyaran lissafi ke cetonmu ba, jinin Kristi ne. Amma wanda aka cece shi ba ya iya kwana da lissafin ƙarya. Ka tuba, ka faɗa wa abokanka, ka mayar.

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, kai da ka ke ganin abin da ba a rubuta ba, ka tsare hannuna daga ƙari, ka tsare bakina daga ƙarya. Ka ba ni ƙarfin hali in nemi hakkina a fili, in bar na wani. Kada a saɓi sunanka a kasuwa sabili da ni. Domin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.