Ɗalibi tsakanin kunne da baki

A azuzuwan ƙasar Nijar, daga Tawa har Damagaram, akwai tambayar da mushe kan jefa wa ƴan lakwal in ya ƙare bayani: kun gane? Aji duka ya ɗauka da murya ɗaya: "Wi, mushe!" Sai ranar jarrabawa takardu su tona cewa da yawa cikin masu amsawar ba su gane kome ba. Yaran nan ba ƙarya suka shirya ba. Tun suna ƙanana aka koya musu cewa yaron kirki shi ne mai jin magana, su kuwa suka ɗauka jin magana shi ne a sunkuyar da kai a ce to. Saboda haka ɗalibin da ke son sanin ƙarfinsa da rauninsa wajen magana da sauraro, sai ya fara da tambayar kansa: shirun da yake yi gaban malami, sauraro ne ko mafaka?

Harshen Hausa da kansa ya nuna inda gizo ke saƙa. Kalmar "ji" tana ɗauke da kaya masu yawa. Ana jin ƙara da kunne, ana jin Zabarmanci da hankali, ana jin zafi da jiki, ana jin ƙai da zuciya, sa'an nan ana jin maganar na gaba, wato a bi umurninsa. In aka ce yaro ba ya ji, gagararre ake nufi, ko da kunnensa garau yake. Akwai hikima cikin wannan haɗi, domin jin da bai sauka zuciya ya fito a aiki ba ragagge ne. Amma akwai tarko: biyayya takan sa rigar fahimta, har mai ita ya kasa rarrabe su.

Yaron da ya tashi a gidan Bahaushe yakan shigo aji da jari mai daraja. Ya iya zama da haƙuri, ba ya katse babba, kuma tatsuniyar dare da makarantar allo sun horar da kansa ga riƙe magana. Ba banza aka ce kunne ya girmi kaka ba. Sai dai a zauren karatu ma, inda malam ke fassara littafi gaɓa-gaɓa ɗalibi yana cewa na'am, baki na iya amsawa alhali hankali ya tafi kasuwa.

Lakwal kuma ta ƙara masa wani shirun. Tun zamanin mulkin Faransa, har bayan samun ƴancin kai a 1960, makarantu da dama sun yi amfani da abin da ake kira sambol: wani abin kunyatarwa da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa. Darasin da yaro ya ɗauka shi ne buɗe baki hatsari ne. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi kira a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka da a koyar da yara cikin harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai Hausa da Faransanci a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi a koyarwa, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk da haka mafi yawan darussan sakandare da na jami'a da Faransanci ake ba da su, kuma tsoron yin kuskure a yi wa mutum dariya yana nan yana ɗaure harsuna.

Abin lura shi ne, ɗalibin da ya zama kurma a aji, in dare ya yi a fada, wurin shayi da abokai, shi ne mai murya bisa ta kowa. Can rauninsa ya juye. Ba ya bari a kai aya. Sa'ad da abokinsa ke magana, shi yana wasa wuƙar amsarsa. In ya koma gida, ƙanwarsa ta zo da zance, ya kore ta da hannu. Ashe kunnensa na aiki ne in mai magana ya fi shi, bakinsa kuma na buɗewa ne in mai sauraro bai kai shi ba. Wanda haka halinsa yake, matsayi yake aunawa, maganar kanta ba ta dame shi ba. Nan ne al'amarin ya fita daga batun gwaninta ya shiga batun hali, domin sauraro haƙƙi ne da ɗan Adam ke bin ɗan'uwansa, babba ne ko yaro.

Wani dattijo na iya cewa wannan kira ne ga rashin kunya, kuma gara yaro mai shiru da mai fitsara. Yana da gaskiyarsa: kunya ado ce, baki kuma shi ke yanka wuya. Amma kunya iri biyu ce. Akwai wadda ke tsare mutuncin wani, akwai wadda ke ɓoye jahilcin mai ita. Ta farko ba ta hana a ce, "Allah gafarta malam, a maimaita mini, ban gane ba." Magabatan da suka koyar da ladabi su ne suka ce matambayi ba ya ɓata. Malamin kirki ya fi jin daɗin tambaya ɗaya ta gaskiya bisa ga "wi" sittin na dole. Nauyin ya fi yawa kan ƴan mata, waɗanda ake yaba wa shirunsu fiye da na maza. Ɗalibar da ta ɗaga hannu ta tsallake shinge biyu ke nan.

Ɗalibi na iya auna kansa da ma'auni uku masu sauƙi. Yaushe rabonsa da furta "ban gane ba" gaban aji? Yana iya maimaita hujjar abokin gardamarsa har shi abokin ya yarda cewa abin da yake nufi ke nan? Ya taɓa barin wanda bai kai shi ba ya ƙare zancensa? Mai kunya zai fāɗi a na farko, mai baki zai fāɗi a na biyu, kusan kowa kuma zai yi tuntuɓe a na uku.

Amfanin wannan awo ya wuce jarrabawa. Ɗalibin yau shi ne gobe zai zauna bayan teburi a gidan likita. Wata mata za ta zo daga ƙauye da goyo mai zazzaɓi, ya zayyana mata yadda ake ba da magani, ta sunkuyar da kai ta ce to. In ya manta da "wi, mushe" ɗin da ya sha faɗa ba tare da ya gane ba, zai sallame ta ya kira na gaba. In kuwa ya tuna, zai aje biro ya ce, "Iya, maimaita mini, sau nawa za ki ba shi a yini?" Lafiyar yaron nan na iya rataya ga wannan tambaya.