GYARAN ƘOFAR ZUCIYA: SHIN CANZA HALITTAR ALLAH NE?

 

Ya ku 'yan'uwa matasa, ku sani cewa a bakin babbar jijiyar da ke ɗaukar jini daga zuciya zuwa jiki akwai wata 'yar ƙofa mai ƙyaure uku. Tana buɗewa jini ya wuce, ta rufe don kada ya koma baya, kusan sau 100,000 a kullum. To, cikin mutum 100 akan sami 1 ko 2 da aka haifa da ƙyaure biyu, galibi maza. Wani har ya tsufa bai sani ba. Wani kuwa ƙofar takan ƙuntata ko ta riƙa yoyo, sai haki, da ciwon ƙirji, da suma in ya yi gudu, har da mutuwar fuju'a.

Likitoci kan buɗe ƙirji su raba inda ƙyauren ya manne, su ɗinke inda ya saki. In ba ta gyaruwa sai a sauya ta. A 1967, a Landan, likita Donald Ross ya ɗauko ƙofar jijiyar huhu ta majinyacin ya dasa a gurbinta. Akwai ta ƙarfe, amma mai ita sai ya sha maganin hana jini daskarewa iyakar ransa. Shi ya sa aka fi son gyara ga yaro.

Sai wani ya ce, ai haka Allah Ya halicce shi, taɓawa canza halitta ne. A'a, malam! Abin da aka hana shi ne ka jirkita lafiyayyar gaɓa don ado ko yaudara. Nan kuwa cuta ake kawarwa. Sahabi Arfajatu ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umurce shi ya sa na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. In ka ce ai shi rauni aka yi masa, wannan kuwa da abinsa aka haife shi, to duka biyun da ƙaddarar Allah suka auku, kuma Wanda Ya ƙaddara ciwon Shi Ya sanar da likita.

Gobe ku ne iyaye. In ɗanka yana haki, kai shi a ɗauki hoton zuciyarsa, kada ka tsaya cewa iska ce. Aikin yana da haɗari, kuma ba kowa yake bukatarsa ba. Likita ne zai auna. Amma zuciya in ta kumbura ta gaji, da wuya ta komo yadda take. Yaron nan amana ne, kuma za a tambaye ka.

Allah Ya sa mu dace, amin.