Ina Iyakar Maƙwabtaka?

A Gwaska aka haife ni, a gefen dajin Birnin Gwari, inda ba wanda ke tsoron teku domin kaɗan ne suka taɓa ganin sa. Sai da bautar ƙasa ta kai ni Jihar Ondo na shiga jirgin ruwa daga Igbokoda zuwa Ayetoro, garin da wata jama'ar Kirista ta kafa a 1947 a bakin Tekun Atlantika, a kan ƙasar da tsayinta bai ɗara fuskar ruwa da yawa ba. Wani dattijo ya miƙa hannu ya nuna mini inda gidan mahaifinsa yake a da. Na duba, ban ga komai ba sai igiyar ruwa.

Masana sun auna cewa daga 1901 zuwa 2018 tekun duniya ya ƙaru da kimanin santimita 20. Taƙi ɗaya ke nan. A kan tudun garinmu taƙi ɗaya ba komai ba ne, amma a Ayetoro ya isa ya ba igiyar ruwa hanyar shiga ɗakin kwana. Hayaƙin fetur da kwal da na dazuzzukan da ake ƙonawa shi ke ɗumama duniya, ƙanƙara ta narke, ruwan teku kuma ya kumbura. Mutanen garin suna ɗora laifi a kan aikin haƙar mai da ake yi kusa da gaɓarsu, kuma ban ga dalilin ƙaryata su ba. Sai dai ni wani abu ne ya hana ni barci a daren nan: da kuɗin gawayi na yi digiri.

Tun da 'yan bindiga suka raba mu da gonakin nesa, kawuna ya koma sarar itace yana turara gawayi, yana jera buhuna a bakin titi. Daga cikin buhunan nan aka biya mini kuɗin makaranta shekara huɗu. To, shin akwai haƙƙin dattijon Ayetoro a kaina?

Amsar da ta fi mini daɗi ita ce babu. Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, kuma ramin gawayin kawuna ba ya ko ƙirguwa a gaban masana'antun Amurka da Sin. Wannan hujja ce ta sa aka amince da kafa asusun biyan asara a taron Sharm el-Sheikh a 2022, domin wanda ya fi ɓarna ya fi biya. Na yarda da ita a tsakanin ƙasashe. Amma da na ɗauko ta na auna kaina sai na ji tana mini kama da hujjar wanda ya ɗebi mudu ɗaya daga rumbun da wasu suka kwashe da buhuna. Ƙanƙantar rabonsa ta rage masa nauyi, ba ta mai da mudun nasa ba.

An koya mana cewa maƙwabtaka ta kai gida arba'in. Ina ganin an yi wannan ƙidaya ne a lokacin da cutarwar mutum ba ta wuce inda hayaƙin murhunsa ke kaiwa. Yau ruwan da ya sauka a dajinmu yana bin Mariga ya faɗa Kaduna, ya faɗa Neja, ya isa teku. Hayaƙinmu kuwa ko kogi ba ya buƙata. Kuma mu ne ya kamata mu fi kowa gane ciwon dattijon nan, domin mun san gudun hijira. Bambancin shi ne mu kan bar gida muna ƙirga ranar komawa, shi kuwa ƙasar da zai koma wa ta zama wurin kamun kifi.

Da na dawo na zayyana wa kawu duk wannan. Ya saurara har na kai aya, yana kaɗe toka daga hannunsa.

"Na ji, ɗana," ya ce. "Ƙanwarka za ta shiga aji ɗaya a watan gobe. Me zan sayar?"