Hilful Fuduli da Kwamitin Unguwarmu

Tun kafin a aiko Manzon Allah (SAW), wani baƙon ɗan kasuwa daga Zubaidu ta ƙasar Yaman ya kawo haja Makka. Al-As ɗan Wa'ilu ya karɓi kayan, ya hana kuɗi. Baƙon ba dangi, ba uban ɗaki, sai ya hau dutsen Abu Ƙubaisu yana kai kuka. A kan haka wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana, suka yi alƙawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta, ɗan gari ne ko baƙo. Annabi ya halarci taron yana saurayi, kuma bayan zuwan Musulunci ya yabe shi.

To, mu a Fagge me muke jira? Da yawa idan an ce "kare haƙƙin ɗan Adam" sai mu ce ai zancen Turawa ne. Alhali ga matar da aka saka aka hana ta kayan ɗakinta, ga marayun da baffa ya danne wa gado, ga wanda ke kwana a Kurmawa ko Goron Dutse don ya kasa biyan tarar da ba ta kai kuɗin ankon biki ba. Ba Suratut Tauba aya ta 60 ce ta sa wanda bashi ya yi wa katutu cikin masu cin zakka ba?

Mata goma sun isa kwamiti, kowace da izinin maigidanta. A ware wani abu daga zubin adashi, a naɗa ma'aji, a rubuta shiga da fita a littafi, a karanta a gaban kowa duk wata. Kuɗin jama'a ba ya son nuƙu-nuƙu. Sau da yawa ma rakiya ake buƙata: a kai mace wurin mai unguwa, ko Hisba, ko ofishin lauyoyin gwamnati masu tsaya wa talaka kyauta, wanda aka kafa tun 1976.

Kada kuma mu manta Sabon Gari cikin ƙaramar hukumarmu take. Gobarar kasuwarta ta 2016 ba ta tambayi ƙabila ko addini ba. Idan maƙwabciyarki Bayarabiya ko 'yar ƙabilar Ibo, Musulma ko Kirista, ta zo da kukan an ci mata haƙƙi, a rubuta sunanta a littafin nan, a sa ranar da za a raka ta.